Romon kaza da shinkafa: a fara da romo, shinkafa ta biyo baya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin mu yi magana kan wani girki da ya kamata a ce kowane gida a Jihar Kebbi ya ƙware a kansa, amma sau da yawa ɓata shi ake yi: romon kaza da shinkafa. Hunturu ya shigo, mura da tari sun yi yawa, kuma a irin wannan lokaci ne jiki ke neman abu mai zafi, mai ruwa-ruwa, wanda zai riƙe ciki. Mai jego na buƙatarsa, tsohon da haƙora suka yi wa ƙaranci na buƙatarsa, haka ma wanda ya tashi daga zazzaɓi bakinsa ba ɗanɗano. Ba magani ba ne, ba ya kuma hana zuwa asibiti, amma yana ba mara lafiya ruwa da gishiri da nama da hatsi a kwano guda, a yanayin da zai iya haɗiyewa.

Kuskure ɗaya ne ya fi damunmu, shi ne a zuba kaza da shinkafa da kayan miya a tukunya lokaci guda, tamkar dafa-duka. Kazar gida na son awa 1 da rabi zuwa awa 2 a kan wuta, shinkafa kuwa minti 20 ya ishe ta. Wanda ya haɗa su tun farko, ko dai shinkafar ta caɓe ta koma kunu kafin naman ya yi laushi, ko ya sauke da wuri naman yana ja kamar roba. Romo ake fara haɗawa shi kaɗai. Sai ya yi, sannan shinkafa ta shiga.

Daga kasuwa aikin yake farawa. Kazar gida, musamman wadda ta manyanta ko zakara, ta fi ba da romo mai ƙarfi, domin ta daɗe tana yawo, jijiyoyinta da guringuntsinta sun yi ƙwari, kuma su ne ke narkewa a hankali su ba romo kauri da danƙo. Shi ya sa romon kirki, in ya kwana a firji, za a tarar ya daskare yana rawa. Kazar gidan gona ta nama, wadda ake yankawa tana da mako 6 zuwa 8, minti 40 ya ishe ta, amma romonta ba shi da nauyi, ga kitse. In ita aka samu, a cire rabin fatar, a haɗa da wuya da fuka-fuki da ƙafafu, su ne za su ɗaga romon. Tsohuwar kazar ƙwai da ta daina yi tana da araha, kuma a wannan girki ba ta da laifi ko kaɗan, lokaci kawai take ci. Ana gane shekarun kaza ta hanyar danna ƙarshen ƙashin ƙirjinta: in ya lanƙwasa, budurwa ce, in ya ƙi, ta tsufa.

A kula da wani abu a wannan lokaci na sanyi. Cutar kaji ta fi yaɗuwa da hunturu, kuma wasu na gaggawar kai marasa lafiya kasuwa a farashi mai jan hankali. Kazar da ke gyangyaɗi, ta saki fuka-fuki, ko tana majina ko koren zawo, a bar ta ko da kyauta ce.

Bayan an yanka, an fige, an babbake, a buɗe cikin a hankali kada matsarmama ta fashe. In ta fashe a kan nama, a yanke wurin da ya yi kore a yar, wanki ba ya fitar da ɗacin. A yayyanka kazar a gaɓa-gaɓa da wuƙa mai kaifi. Sara da adda yana farfasa ƙashi, ƙananan tsinin su ɓuya cikin shinkafa, kuma wannan haɗari ne ga yaro da tsoho. A wanke naman nesa da albasa da karas da duk abin da za a ci ɗanye, a zubar da ruwan, a wanke hannu da wuƙa da katako da sabulu. Ɗanyar kaza na ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke jawo zawo da ciwon ciki, dahuwa ce ke kashe su, ruwan wanki kuwa watsa su yake yi.

Ga mutum 6, kaza guda matsakaiciya na son ruwa lita 3, wato ledar fiya-wata 6. A zuba naman cikin ruwan sanyi, a ɗora. Ruwan sanyin yana da dalili: zafi na shiga a hankali, jini da dauɗa su taso sama su zama kumfa mai launin toka, a kwashe ta da ludayi cikin minti 15 na farko. In aka bar ta, tafasa za ta mayar da ita ciki, romon ya yi duhu da ƙarni. Hanta kada ta shiga yanzu, tana dagula romo kuma tana saurin yin gari. A ajiye ta sai minti 10 na ƙarshe. Ƙundu kam tun farko yake shiga.

Da an gama kwashe kumfa sai kayan ƙamshi. Babbar albasa guda a raba ta huɗu, kuma alhamdu lillahi albasar Aliero ba ta da nisa da kowa a jihar nan. Ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, a ɗan daka. Tafarnuwa ƙwaya 5. Masoro rabin ƙaramin cokali. Kanumfari ƙwaya 3 ko 4 kacal, domin in ya yi yawa yana ɗaure harshe ya danne ƙamshin kaza gaba ɗaya. Kimba guda ɗaya, a fasa ta a zubar da 'ya'yan, a nan ɗacinta yake. Daddawa ɗan ƙulli guda, a daka ta lukui. Attarugu 2, kuma in akwai yara ko mai gyambon ciki, a jefa shi ɗungurungum ba a fasa ba, ya ba da ƙamshi a tsame shi daga baya, mai son yaji ya ƙara a kwanonsa. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya tak a wannan mataki. Ruwan zai ƙone ya ragu, gishiri kuwa ba ya tafiya, wanda ya daidaita shi tun farko zai tarar ya zarce a ƙarshe.

Daga nan sai a rage wuta. Mai itace ya janye biyu ya bar garwashi da guda ɗaya, mai gas ya mayar ƙasa, a rufe tukunya a bar ɗan gefe. Abin da ake so shi ne ruwan ya riƙa ɗan motsi, ba ɓararraka ba. Tafasa mai ƙarfi na gauraya kitse da ruwa, romon ya yi fari-fari da nauyin maiƙo, tsokar ƙirji kuma ta bushe ta zama zare-zare. Ƙirjin ma ya fi cinya saurin nuna, don haka a tsame shi tun da wuri, na kazar gidan gona bayan minti 25, na kazar gida in cokali mai yatsu ya shige shi ba gardama. Alamar nuna ita ce naman ya fara sakin ƙashi, kuma in aka tsaga kusa da gaɓar cinya ba ja, ba ruwan jini. Mai ma'aunin zafi ya duba, digiri 74 ake nema a tsakiyar tsoka.

A nan dole mu tsaya kan dabarun gaggawa. Wasu na jefa kanwa don tsohuwar kaza ta yi saurin laushi. Tana yi, amma romon zai yi duhu, ɗanɗanonsa ya canza, kuma kanwa na lalata sinadarin bitamin B1 da ke cikin nama da shinkafa. Mafi muni shi ne jefa ƙwayar farasitamol cikin tukunya. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta yi gargaɗi a kan haka, domin abu ne mai illa ga hanta da ƙoda. Muna roƙon masu sayar da abinci da matan gida, don Allah a daina. Mai sauri ya nemi tukunyar matsi, cikin minti 30 zuwa 35 za ta gama da tsohuwar kaza.

In naman ya yi, a tsame shi duka, a tace romon da rariya cikin wata tukunya. Ya kamata a samu kusan lita 2 da rabi. In bai kai ba a cika da ruwan zafi. A bar shi ya ɗan natsa, kitse zai taso, a kwashe mafi yawansa a bar kamar cokali 2, saboda ƙamshi a cikinsa yake. Naman kuma in ya sha iska a zare shi daga ƙashi da hannu, ana lalubawa da yatsu kada wani tsini ya wuce.

Yanzu shinkafa, kuma a wannan fage Kebbi ba ta da uzuri. Daga fadamun Argungu da Augie da Suru har bakin kogin Neja a Yauri da Bagudo noma ta ake yi damina da rani, a jihar nan ne ma aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoman shinkafa rance a watan Nuwamban 2015. Iri biyu ke gabanmu, kuma kowace da halinta. Gumi, wadda aka turara tun tana shanshera, ƙwayarta na tsayawa ɗai-ɗai, tana son minti 20 zuwa 25, kuma turarar na tura wani kaso na bitamin daga dusa zuwa cikin ƙwayar. Ita ta dace in ana son romo garau wanda ake ganin komai a ciki. Shinkafar tuwo kuwa minti 12 zuwa 15 ta fashe, ta saki gari, romon ya yi kauri kamar fate. Ga mara lafiya, da yaron da ya wuce wata 6 ya fara cin abinci, wannan ta fi. Karyayyar shinkafar da ake warewa a injin casa, wadda ake rainawa ana sayar da ita da rahusa, a ganinmu ita ce ta fi kowace dacewa da wannan girki: tana nuna da wuri, tana hawa cokali daidai, kuma ba abin da doguwar ƙwaya ta fi ta a cikin romo.

Gwangwanin madara 1 da rabi ya isa wannan romo. Ido zai raina shi, hannu ya so ƙarawa, a daure. Shinkafa na kumbura kusan ninki uku, kuma ba ta daina shan ruwa bayan an sauke. Gwangwani 3 zai mayar da tukunyar dafa-duka mai laima. A rege ta sosai da ƙwarya saboda tsakuwa, a ɗauraye sau 2 ko 3 har ruwan ya fara washewa, sannan a zuba cikin romo yana tafasa. A juya nan take, a kuma riƙa kai ludayi har ƙasa duk bayan minti 5, domin shinkafa nutsewa take yi ta kama gindin tukunya. In har ta kama aka ji ƙauri, kada a kankare. A juye na sama cikin wata tukunya a bar ƙanzon inda yake.

Karas 2 da aka yanka ƙanana su shiga tare da gumi. In shinkafar tuwo ce, su riga ta da minti 5. Mai son kabewa ya sa yanki guda, tana narkewa ta ba da launi da ɗan zaƙi. Tumatir ba lallai ba ne, tsaminsa na jinkirta nunar shinkafa kuma yana mayar da abin miya. In dole ne, guda 2 sun isa. Saura minti 5 a mayar da naman, a zuba ɗanyen zogale ko alayyafo cikin tafin hannu biyu, da lawashin albasa. Sai yanzu za a ɗanɗana a daidaita gishiri. Romon da aka yi a tsanake ɗunƙulen magi guda ya ishe shi, wani lokaci ma ba ya nema, kuma wannan sauƙi ne ga mai hawan jini. Mai ciwon suga a rage masa shinkafa a ƙara masa nama da ganye, domin shinkafar da ta yi luguf tana saurin ɗaga suga. In gishiri ya zarce, ruwan zafi ne gyaransa. In an ji kamar akwai abin da ya rage alhali gishiri ya ji, lemun tsami ne, a matsa rabi bayan an sauke. A sauke shinkafar tana da ɗan saura, zafin romo zai ƙarasa ta kafin a kai ga rabawa.

Sai maganar ajiya, wadda ta fi duk abin da ya gabata muhimmanci. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa, kuma dahuwa ba ta kashe irinta. In dafaffiyar shinkafa ta zauna da ɗumi-ɗumi, sai ta farfaɗo ta yi yawa ta saki guba, wadda ɗumame ba ya karya ta ko an sake tafasawa. Sakamakon shi ne amai cikin 'yan awoyi, kuma abincin ba lallai ya yi tsami ko wari ba. Kada romo mai shinkafa ya wuce awa 2 a ajiye a waje, da bazara kuwa, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, awa 1 ne. Kular da ake kai wa majinyaci asibiti ma a kula da ita: abin da aka zuba da safe ba na la'asar ba ne. A ɗauraye kular da tafasasshen ruwa, a zuba abincin da zafinsa sosai, a ci da wuri.

Mai firji ya ware romon da ba za a sha yau ba tun kafin shinkafa ta shiga, ya zuba a ƙananan robobi don ya yi saurin hucewa. Zai yi kwana 3, in ya daskare a gidan ƙanƙara ya yi watanni. Duk ranar da ake so, a tafasa kofi 4 a zuba rabin gwangwani. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a raba kazar biyu tun a ɗanye: rabi a yi romo da lita 1 da rabi na ruwa da shinkafa kashi uku cikin huɗu na gwangwani, ɗaya rabin a soya shi ƙayau ko a ƙyafe a kan garwashi, gobe a yi sabon romo da shi.

Wassalam.

Daga wasu masu sana'ar girki,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi