Takardun Tarihin Gari: A Fara Da Rajista Da Kwali Kafin Na'urar Ɗaukar Hoto

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin hukumomin laburare na jihohinmu kan tsofaffin takardun da ke hannun jama'a. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ya fi ƙarfi a fayilolin gwamnati, na Razdan da na Di'o. Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970, ya tara na shugabanni da na malamai. Dokar laburaren ƙasa kuwa, wadda ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi 3, abin da aka buga kaɗai ta shafa. To ina za a kai wasiƙun fatake, da takardar cinikin gida mai hatimin alƙali, da katin NEPU, da rasit ɗin haraji da jangali da aka soke a Kano da Kaduna a 1979? Suna cikin adaka a ɗakin tsohuwa. Ranar rabon gado ba mai lissafa su, daga nan sai hannun mai ƙosai. Laburaren gari, irin na Murtala Muhammad da ke Kano, shi ne wurin da talaka zai shiga ba tare da takardar gabatarwa daga jami'a ba, don haka nan ya dace su zauna.

Sai dai da zarar an ce adana tarihi, abin da ke fara zuwa bakin manya shi ne a sayo na'urar ɗaukar hoto. Wannan gini ne daga sama. Aikin farko littafin rajista ne mai ɗinki, wanda ba a iya cire masa shafi. Duk kayan da suka shigo a ba su lamba, misali 2025/7, wato kaya na 7 a wannan shekara, a rubuta gidan da suka fito, da unguwa, da wanda ya kawo, da yawan warƙa, da halin da aka same su. Kada a raba kayan gida ɗaya a ce fiƙihu nan, wasiƙu can. Wasiƙar da ba ta da kwanan wata sau da yawa maƙwabciyarta a cikin ƙunshin ce ke nuna zamaninta, kuma idan aka raba su wannan shaidar ta tafi.

Littattafanmu na hannu ba ɗinka su ake yi ba. Warƙoƙi ne a sake tsakanin tadarishi, wato bangon littafi mai tauri, a zura a gafaka. Iska ɗaya ta fanka ta isa ta birkita littafi mai warƙa 200. Abin da ke ceton mai aiki shi ne kalmar nan da mai kwafi ke rubutawa a ƙasan shafi, wadda da ita warƙa ta gaba ke farawa. A bi ta a jera, sa'an nan a sa wa kowace warƙa lamba a kusurwa da fensir mai laushi. Biro haramun ne a wannan ɗaki. Gafakar ma kada a yar, a ba ta lamba ɗaya da littafinta, amma a ajiye ta daban, domin tsohuwar fata na jawo ƙwari.

Wani abin mamaki, takardar da ta haura shekara 150 ta fi ta jiya ƙarko. Idan aka ɗaga tsohuwar warƙa ga haske aka ga jinjirin wata 3 a jere, wannan takardar Italiya ce da fatake suka riƙa kawowa ta Tarabulus, kuma da tsumma aka yi ta. Takardar jarida da niƙaƙƙen itace ake yi, tana da guba, wato sinadarin asid, a jikinta mai sa ta yi ja ta kakkarye. Saboda haka kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939, ya fi bukatar gaggawa a kan wani littafin da ya girme shi nesa ba kusa ba. Tawada ma iri biyu ce. Ta gawayi da ƙaro ba ta cin takarda, amma ruwa kaɗan na wanke ta. Wadda aka haɗa da bagaruwa da ƙarfe ba ta wankuwa, sai dai a hankali tana huda takarda har harafi ya zama rami.

Ɗakin ajiya ya zama ba ya yoyo, ba ya kusa da bayan gida ko famfo. Kantoci na ƙarfe, na ƙasa ya tashi santimita 15 daga daɓe, kuma kada ya jingina da bango, don gara ta bango take hawa. Ma'aunin da masana ke so shi ne zafi digiri 18 zuwa 22, laima kashi 35 zuwa 50 cikin 100. Idan laima ta wuce kashi 65 ta daɗe, kamar a watan Agusta, fumfuna ta samu gida. Amma na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki da rana ta mutu da dare ta fi rashinta illa, domin takarda na shan laima tana amayarwa har ta gaji. Ɗaki mai kaurin bango, mai duhu, da kwalaye marasa guba a rufe ya fi.

Sabon kaya ba ya shiga ɗakin sai an tabbatar babu ƙwari. Ba a fesa masa fiya-fiya. A ɗaure shi cikin leda biyu, a matse iska, a sa a firiza mai kai digiri 20 ƙasa da sifili na mako 1, a fitar a bar shi awa 24 kafin a kwance, don raɓar ta taru a bayan ledar. Inda wuta ba ta tsayawa mako guda, a keɓe kayan a wani ɗaki, a share warƙa ɗaya-ɗaya da burushi mai laushi, a sa ido wata 1.

Ɓarnar mai son gyara ta fi ta ɓera. Salatif na barin tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Ƙusar sitefula na yin tsatsa ta ci kusurwa. Mafi muni shi ne manne takarda cikin leda da zafi, irin yadda ake yi wa takardar shaidar makaranta, domin ba a iya warware shi. Warƙar da ta yage a sa ta cikin farar takarda a ninke, a jira ƙwararre.

Bayan duk wannan ne hoto ke da amfani. Kyamara a kan sanda daga sama ta fi na'urar da ke danne takarda. A ɗauka da ƙarfin dpi 300 zuwa sama, wato yawan ɗigon hoto a kowane inci, a ajiye a TIFF, nau'in fayil ɗin hoto da ba ya rage inganci, sunan kowane hoto ya zama lambar rajista da lambar warƙa. Kwafi 3, ɗaya a wani gari. Shirin Laburaren Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari, wanda ya fara a 2004, ya tallafa wa irin wannan aiki a Arewa, kuma hukumar da ke da rajista a hannu ita ke iya faɗin abin da take neman tallafi a kansa.

Saura amana. Gidajen malamai da yawa ba za su bayar kyauta ba, kuma suna da hujja. A tanadi yarjejeniya iri uku a rubuce, da Hausa: kyauta, ko ajiya na shekaru sanannu da mai kaya zai iya karɓa, ko a ɗauki hoto a mayar masa da kayansa tare da kwafi. Takardun filaye da na asirin gida a rubuta wanda aka yarda ya gani da shekarar da za a buɗe su. Mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa.

Wassalam,
Mai karatu daga Kano