Shekara 6 ina gyaɗa kai ga maganar da ban ji ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana masu injin niƙa, da masu walda, da duk mai kwana da janareta a gindin tagarsa.

Shekarata 27 a gaban injin niƙa. Ban san ranar da jina ya fara raguwa ba, don abin ba ya sallama. Muryar maza ina kama ta, amma ta mata da yara sai ta zo mini kamar mai magana da tuwo a baki. Sautin yana isowa, kalmar ce ba ta fita: "fara" da "sara" duk ɗaya ne a wurina. Uwargida ta ce kunnen uwar shegu nake yi da ita, ni kuma na ce ita ce ta koyi ƙunƙuni. Da dare kunnena ya yi ta kuka kamar gyare.

Sai na koyi gyaɗa kai. Asirina ya tonu ne wata Asuba a ƙofar masallaci, da maƙwabcina ya gaya mini ƙanensa ya rasu, na yi murmushi na ce masa "madalla, madalla." Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na fara da wata 'yar na'urar ƙara ji mai araha da na saya a kasuwa. Komai take ƙara wa ƙarfi, kukan babur da faɗuwar kwano har da maganar, ga ƙara tana yi mini a kunne. Kwana uku na jefa ta a akwati.

Babban ɗana ne ya kai ni Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Da farko aka haska cikin kunnen, domin wani mutumin datti ne kawai ya toshe masa kunne, wani kuma mugunya ce, kuma duka suna da magani. Nawa fes. Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki da hayaniya ba ta shiga, aka ɗora mini abin sauraro a ka, aka ce duk sautin da na ji, komai ƙanƙantarsa, in danna maɓalli. Takardar da ta fito ta nuna siraran sautuka ne suka tafi. Likita ya ce can ciki akwai wani abu mai siffar dodon koɗi, da 'yan ƙananan gasu masu karɓar sauti. Ƙara tana kashe su, kuma ba sa sake tsirowa. Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, awa 8 a rana ya isa ta fara ɓarna. Injina kuwa sai ka yi ihu na kusa da kai zai ji.

Aka cusa wani abu mai laushi kamar ƙullu aka ɗauki siffar kunnena, aka ba ni sabuwar na'urar taimaka wa ji, aka saita ta da kwamfuta bisa wannan takarda, ta ɗaga sautukan da na rasa kaɗai. Makon farko na tsane ta. Muryata kamar daga cikin rijiya, taunata ma jinta nake. Sau biyu na koma aka gyara saitin. Ba ta mayar da ni saurayi ba, a taron biki har yanzu ina wahala, ga sayen batir, ga cirewa duk alwala. Tsada kuwa, tumaki biyu na sayar, yara suka cika. Amma yanzu ina jin karatun liman daga sahu na huɗu.

Abin da ke ba ni haushi, mai tabarau ana ce masa malam, mai na'ura a kunne kuwa a ce kurma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke buƙatar taimako kan raunin ji, amma abokaina biyu da na san halinsu ɗaya da nawa sun gwammace su ci gaba da gyaɗa kai. Edita, 3 ga Maris ce Ranar Ji ta Duniya; don Allah ku nemo likitan kunne ya yi wa jama'a bayani da Hausa.

Yaran injina biyu na saya musu abin toshe kunne. Ɗayan yana sawa. Ɗayan ya rataye nasa a wuya kamar laya, kullum muna faɗa.

Naka,
Wani mai injin niƙa,
Funtuwa, Jihar Katsina.