Zuwa ga Iyaye: Zazzaɓin da Ya Ƙi Sauka Bayan Mura

Assalamu alaikum iyayenmu maza da mata. Ya sanyi, ya kuma yaran?

Hunturu ya kankama a Birnin Kebbi, duk ajin da muka leƙa tari ne da majina, musamman wajen 'yan nazare. Yawanci mura ce, kwana kaɗan ta wuce. Amma akwai wani ciwo da ba kasafai ake ganinsa ba, wanda muke so ku san kamanninsa.

Ana ce masa Kawasaki, sunan likitan ƙasar Japan da ya fara bayyana shi a 1967. Kumburin jijiyoyin jini ne, ya fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. Likitoci na zargin ƙwayoyin cutar numfashi ne ke tayar da shi: garkuwar jikin yaro ta tashi yaƙi da mura, sai ta wuce gona da iri ta afka wa jijiyoyinsa. Bincike bai kammala ba, sai dai a 2020, lokacin da aka rufe makarantu ana sa takunkumi, masu kamuwa sun ragu a Japan da Koriya ta Kudu. A shekarar ce kuma aka ga yara a Ingila da kumburi makamancinsa, makonni bayan sun kamu da korona.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda yake kama da ƙyanda, sai a yi ta jiƙe-jiƙe a gida ko a yi ta sayen maganin maleriya a kemis. Ku lura: zazzaɓi mai zafi har kwana biyar, ido ja amma babu kwantsa, leɓe ya tsattsage, harshe jawur, hannu da ƙafa sun kumbura, ga ƙuraje, wani lokaci da kaluluwa a wuya. Idan ba a yi magani ba, kusan ɗaya cikin huɗu yakan samu lahani a jijiyoyin zuciya, kuma magani ya fi aiki a kwana goma na farko. Don Allah kada ku jira alamun su cika. Ku kai yaro asibitin Sir Yahaya ko mafi kusa da ku, ku faɗa wa likita ranar da zazzaɓin ya fara. Kada a ba yaro asfirin sai da umarnin likita.

Shi Kawasaki ba a ɗaukarsa daga wani yaro, murar ce ake ɗauka. Yaron da ke zazzaɓi a bar shi a gida, a aiko wa malamin ajinsu. Za mu ajiye masa aikinsa.

Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana su.

Wassalam,
Shugabar makaranta