Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kamfanin Da Ya Sayar Mana Da Mabul Da Sunan Giranit

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ranka ya daɗe, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda ƙorafin da na kai ofishinku a asirce bai samu kunnen da zai saurare shi ba. Maganar a kan dutsen da kuka ɗora mana ne a kantar kicin, a gidan mahaifinmu marigayi da ke Kaduna, wanda mu magada muka amince a gyara a sayar domin a raba wa kowa haƙƙinsa. Rasit ɗinku ya ce giranit. Abin da ke kan kantar mabul ne. Ban ambaci sunan kamfaninku a nan ba, domin gyara nake nema, kuma har yanzu ina sa ran za ku yi shi.

Tun ranar da na shiga shagonku ban ɓoye wa ma'aikacinku komai ba. Na gaya masa gidan na sayarwa ne, ba mu san wanda zai saya ba, ba mu san irin girkin matarsa ba, saboda haka muna son dutsen da zai jure kowane irin hannu. Dillalin da ke nuna gidan ya riga ya faɗa mana cewa maigida yakan tsaya a falo da wurin ajiye mota, amma uwargida kicin take wucewa kai tsaye, kuma sau da yawa a can ne ciniki yake faɗawa ko ya wargaje. Fentin bango idan bai yi wa mai saye ba, ya sake shi da kuɗi kaɗan. Kanta kuwa sai an ɓamɓare, an taɓa kabad da famfo da tayil, shi ya sa mai saye yake lissafa ta a cikin kuɗin da zai nemi a rage masa.

Da wannan tunani muka zaɓi giranit ruwan toka mai ɗigo-ɗigo, kaurin santimita 3. Mun bar baƙi duk da kyansa a cikin shago, irin mai ƙyalli da ake kawowa daga Indiya, domin duk wanda ya yi hunturu a arewa ya san kafin azahar ƙura ta kwanta a kansa har a iya rubutu da yatsa, ga shi ruwan rijiyar burtsatse yana bar masa farin tabo inda ya bushe. Gidan da za a riƙa buɗewa baƙi su duba, babu mai zama a ciki yana goge-goge, bai dace da baƙin dutse ba. Mun bar fari fat saboda manja. Mun bar masu launin ja da kore saboda abin da ya burge wata zai iya korar wata. Ruwan toka yana tafiya da kabad mai ruwan ƙasa da ke kicin ɗin, yana ɓoye ƙura, kuma babu wanda zai shiga ya ce ya tsane shi. Na biya kafin alƙalami a kan wannan samfur, ma'aikacinku ya rubuta lambarsa da hannunsa.

Daga baya shi wannan ma'aikaci ya kira ni, ya ce ruwan tokan ya ƙare, kwantenarku na maƙale a tashar jiragen ruwa a Legas, amma akwai “farin giranit” mai jijiyoyi ruwan toka, ya fi kyau, kuma ba zai ƙara min ko sisi ba. Na tambaye shi ƙarara ko giranit ne, ya ce giranit ne, ya maimaita a saƙon WhatsApp da har yanzu yake wayata. Yaranku suka zo suka ɗora.

Girkin farko da aka yi a kicin ɗin shi ne na ranar da 'yan uwa suka taru domin yi wa mahaifinmu addu'a. Inda aka yanka lemun tsami, sheƙin dutsen ya mutu, wurin ya yi dishi-dishi, idan ka shafa da yatsa za ka ji kaushi. Inda aka ajiye robar zoɓo, da'ira ja ta zauna daidai faɗin gindin robar. Kusa da murhu, manja ya shige cikin dutsen ya zama rawaya, an wanke da sabulu an sake wankewa, bai motsa ba. Wani dattijo mai aikin dutse da muka kira ya ɗauki guntun da yaranku suka bari a tsakar gida, ya ja bakin wuƙa a kai, nan take ta yi zane. Ya ɗiga masa ruwan lemun tsami, ya ɗan jira, ya goge, tabo ya fito. Ya ce wannan mabul ne, kuma ko maganin toshe ƙofofin dutse ba a shafa masa ba. Da ya auna, kaurinsa santimita 2 ne.

Wannan ilimi ne na sana'arku, kun fi ni saninsa. Mabul asalinsa dutsen farar ƙasa ne, sinadarin kalsiyam kabonet, kuma duk abu mai tsami yana cinsa: lemun tsami, tsamiya, tumatir, zoɓo, nono. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, mabul yana wajen 3, giranit kuwa tsakanin 6 da 7, shi ya sa wuƙa take zana mabul ta kasa giranit. Ban ce mabul dutsen banza ba ne. Daga Karara ta Italiya har zuwa Jakura a jihar Kogi da Igbeti a jihar Oyo ana haƙo shi, yana kuma ƙawata bango da matakala. Amma a kicin ɗin da ake kunun tsamiya da miyar manja, duk mai sayar da dutse da ya san aikinsa zai ja kunnen mai saye tun kafin ya karɓi kuɗinsa.

Da na koma ofishinku aka yi ta min jeka-ka-dawo. Da farko aka ce sakacin masu girki ne. Sai aka nuna min ƙasan rasit inda aka buga cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Daga ƙarshe manajanku ya ja ni gefe, ya ce zai turo yara su goge dutsen da inji ya dawo yana sheƙi, mu rufe kicin ɗin kada kowa ya taɓa, mu yi maza mu sayar da gidan kafin wani ya lura.

Ranka ya daɗe, wannan shawarar ta fi tabon manja ɓata min rai, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ana so in ɗauki abin da aka yi min in yi wa wani bawan Allah da zai kwashe tarin shekarunsa ya sayi gida. Malamanmu sun karantar da mu cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa, kuma idan ya ɓoye, mai saye yana da zaɓin mayarwa ranar da ya gane. Hadisin wanda ya yi algus a cikin tsibin abinci, ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, yara ma sun haddace shi a islamiyya. A cikin magadan gidan nan akwai marayu ƙanana, 'ya'yan yayanmu da ya rasu bayan mahaifinmu. Ba zan zuba kuɗin da aka samu ta ɓoye aibi a cikin rabonsu ba. Saboda haka duk wanda dillali ya kawo ina gaya masa gaskiya, cewa kantar mabul ce, ga tabonta ga halinta. Kowannensu kuwa sai ya nemi ragi, ragin da ya wuce kuɗin dutsen, domin yana lissafa wahalar ɓamɓarewa da sake aiki. Ga shi kuɗin gyaran ma daga aljihun magada aka tara shi.

An kuma yi min tayin a canza da kwatz, in cika kuɗi. Ban karɓa ba. Kwatz dutse ne na masana'anta, garin dutse da aka haɗa da danƙon roba, ba ya shan manja, wannan gaskiya ne. Amma danƙon ba ya son zafi, kuma a kicin ɗinmu tukunya daga wuta ake sauke ta a kan kanta, sai ta bar ƙuna da ba ta gyaruwa. Akwai wani abin kuma da ya kamata ya dame ku fiye da ni. Na ga yadda yaranku suke yanka dutse a bushe, ba ruwa ba takunkumi, ƙura ta rufe su har gira. Ƙurar kwatz tana jawo cutar huhu da ake kira silikosis, wadda ba ta da magani, kuma saboda ita ne Ostireliya ta haramta aiki da irin wannan dutse daga 1 ga Yuli, 2024. Ko giranit ma yana da wannan ƙura. Ku saya musu injin yanka mai ruwa da takunkumi na gaske, 'ya'yan wasu ne.

Abin da nake nema bai wuce abin da muka yi ciniki a kai ba. Ku zo ku cire mabul ɗinku, ku ɗora giranit ruwan toka mai kaurin santimita 3 da na biya, a shafa masa magani a gabana, kuma duk tayil ko kabad da ya lalace wurin cirewa ku gyara da kuɗinku. Idan har yanzu ba ku da shi, ku mayar mana da kuɗinmu cif, mu nema a wani wuri.

Rubutun ƙasan rasit ɗinku bai ɗauke muku wannan nauyi ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya, ta shekarar 2018, ta hana a siffanta kaya da abin da ba shi ba ne, ta kuma bai wa mai saye damar mayar da kayan da suka saɓa wa samfur ko bayanin da aka yi masa. Rasit, saƙon ma'aikacinku, hotunan kantar da guntun dutsen duk suna hannuna. Zan jira amsarku a rubuce har mako biyu daga yau. Idan ban ji daga gare ku ba, zan miƙa su ga FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasa da kare haƙƙin masu saye, da sunan kamfaninku a kai.

Wassalam.

Naku,
Wakilin magada,
Kaduna.