Ƙawayen amarya, a rage tonon asiri a wajen dina

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana mata, musamman babbar ƙawa da ake miƙa wa makirfo a wajen dina ta ba da tarihin amarya. Ni ban ce kar a yi barkwanci ba, ai biki ne ba zaman makoki ba, amma wallahi wasu suna wuce gona da iri, yarinya ta tashi ba ta shirya komai ba sai "eh to, mun haɗu a sakandare" daga nan ta hau lissafo tsofaffin samarin amarya, ga gwaggon ango a teburin gaba ta haɗe rai, ango na murmushin yaƙe, masu waya suna ɗauka, gobe ki tsinci kanki a TikTok.

Ki rubuta abinki tun ana saura sati, ki karanta wa amaryar ta ji. Ki tsokane ta da son barci ko shinkafar da ta taɓa ƙonawa a hostal, wannan kowa zai dara har dangin miji. Minti 3 ya isa haba, abinci na hucewa.

Taku,
wata mai karatu daga Kano