Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya: a daina tallata asirin masu neman shawara

Mai girma Farfesa Muhammad Ali Pate, ranka ya daɗe, ina gaisuwa.

Ka fi ni sanin abin da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta ƙunsa. Da aka sanar a Janairun 2023 cewa Shugaba Buhari ya sa mata hannu mun yi murna, domin ta kawar da dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba mai jinya haƙƙin a rufa masa asiri. Wannan haƙƙi ake takewa kullum a Facebook da TikTok, kuma masu kiran kansu ƙwararrun masu ba da shawara ne ke take shi.

Mace ce ciwon damuwa zai hana ta barci bayan haihuwa, ta rasa wanda za ta faɗa wa, ta tura saƙo ga ɗayansu. Washegari hoton hirar ya hau shafinsa. An goge suna, gaskiya ne, amma an bar unguwa da yawan 'ya'ya da sana'ar miji. Kishiyarta ba ta buƙatar suna, haka dangin miji. Sai mabiya su taru a kanta, wannan ya ce aljanu ne, wancan ya ce raunin imani. A wurin da kalmar taɓin hankali kaɗai ke fasa auren budurwa har ta shafi ƙannenta, wannan cin amana ne. In ka yi magana mai shafin ya ce ai da izininta. Wace mace ce ke cikin ƙunci za ta iya ce wa wanda ta dogara da shi a'a?

Akwai masu laƙaba wa mutum cuta daga kallon bidiyonsa, da masu faɗin sunan magani a wurin sharhi.

Ranka ya daɗe, likitocin ƙwaƙwalwarmu ba su kai 300 ba, mutane kuwa sun haura miliyan 200. Wanda asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato ya yi wa nisa wayarsa zai ɗauka, ba na ganin laifinsa. Likita in ya tona asiri akwai majalisar likitoci da za ta tuhume shi. Wanda ba likita ba fa, gaban wa za a kai shi?

Don Allah ma'aikatarka ta fitar da rubutacciyar ƙa'ida kan wallafa hirar mai jinya, da rajistar da kowa zai iya duba sunan mai ba shi shawara, da lambar kai ƙara da za a amsa da Hausa.