A Yi Hanya Kafin A Yi Gini

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana kan tsarin hanyoyin mota a sabon babban birni irin Abuja, batun da ya shafe mu a nan Damagaram, wato Zinder, garin da ya riƙe hedikwatar Nijar kafin Turawan Faransa su mayar da ita Yamai a 1926.

Abuja ce misalin da ke kusa da mu. A 1976 aka yanke shawarar gina ta, gwamnati kuma ta taso daga Legas a 1991. An shimfiɗa mata tituna masu faɗi, amma tsadar haya ta tura ƙananan ma'aikata zuwa Nyanya da Mararaba da Kubwa, har ya zama dubban mutane suna bin hanya guda da safe, su sake biyo ta da yamma. Da idona na ga fasinjoji suna sauka daga bas a Mararaba, suna lanƙwashe ƙafar wando, suna takawa a ƙasa domin motar ta kafe wuri ɗaya. A ganina, kuskuren yana wajen lissafi: an auna yawan motoci, an manta da inda talaka zai kwana.

Zinder ma tana faɗaɗa. Duk wanda ya ratsa ta wajen kasuwar Dole ya san yadda manyan motoci masu zuwa Diffa ko Kano suke goga kafaɗa da 'yan kabu-kabu da amalanke. Ina kira ga hukumomi da su ware hanyar kewaye ga manyan motocin nan, su kuma keɓe filin titi da na tasha tun kafin a yanka filayen gidaje, domin rusa gida daga baya ya fi barin fili tsada nesa ba kusa ba.

Naku,
Wani mai karatu daga unguwar Birni, Zinder